Robar da Tsatsa Ya Ɓoye a Gwangwani

Wanda yake neman Tsatsa ba ya bukatar ɗan jagora, hancinsa ma ya ishe shi. Ya bi bakin ruwa, ya wuce masu shanya koma, ya wuce inda mata suke wanki, duk inda ya ji warin baƙin mai ya danne ƙarnin kifi, to ya iso. Rumfar kwano ce mai ƙafa shida, biyu sun durƙusa tun tuni. A ƙarƙashinta akwai benci, da duro cike da ruwan da ya koma kalar shayi, da tsofaffin injinan jiragen ruwa rataye a jikin wani dogon katako kamar awakin da mahauci ya feɗe.

Bakanike ne, amma ba na sababbin injina ba. Waɗannan masu sheƙi, da ake buɗewa a ga wayoyi kamar hanjin kaza, ko kallo ba su ishe shi ba. Nasa su ne tsofaffin nan masu hayaƙi, waɗanda maƙeransu suka daina yi tun gashin kansa yana baƙi. Kayansu ba a kanti ake samu ba. Sai dai wani inji ya mutu a raba gadonsa: wannan ya samu farfela, wancan ya samu fistin, na can ya tashi da noti biyu ya yi godiya. Tsatsa shi ne alƙalin rabon gadon. Ya san cikin kowane inji da ke ruwan nan fiye da yadda ya san cikin ɗakinsa. Inji zai yi tari daga nesa, ko kai bai ɗaga ba zai ce, "Na Gurgu ne, fulogi ya jiƙe." A je a duba, haka ɗin ne.

A ƙuryar rumfar akwai wani ƙaramin jirgi zaune a kan tayoyi biyu, an lulluɓe shi da tamfol. Nasa ne. Shekara talatin ya yi a wurin bai taɓa ruwa ba sai wanda kwano ya yoyo masa. Duk labarin Tsatsa a ƙarƙashin tamfol ɗin nan yake.

Matarsa daga wani tsibiri ya auro ta, tafiyar awa uku a inji, shi ya sa kowa ke ce mata 'Yar Tsibiri. Gidansu gidan masu jirage ne tun kakanni. Ranar da za ta bar gida, yayanta, wanda ya riƙe gidan bayan mahaifinsu, ya tsaya a bakin ruwa gaban jama'a ya ce, "Duk mazan duniya kin rasa wanda za ki zaɓa sai mai shafa wa jirgin wasu mai. To je ki. Ran da kika so ganin gida ki aiko in tura miki jirgi, don na san mijinki ko ƙwarya ba shi da ita a kan ruwa."

Aka kwashe da dariya. Magana ce irin ta ƙoshi, da ta yi shiru da iska ta ɗauke. To amma jininsu ɗaya, harshensu ɗaya. Ta yaye mayafi ta ce, "Wallahi Yaya, ƙafata ba za ta sake taka ƙasar nan ba sai a jirgin mijina. Kana daga ɗaki za ka ji ƙarar injinsa."

Baki shi ke yanka wuya. Ita ta rantse, Tsatsa da ba a tambaye shi ba aka ɗora wa kayan.

A ba shi haƙƙinsa, bai yi sanya ba. Kafin shekara ta zagayo ya samo jirgi. Wani attajiri ne ya mutu ya bar shi, na yawon shan iska, ɗan ƙarami mai ɗaukar mutum huɗu, magada sun yar da shi a bayan gida kaji suna ƙwai a ciki. Tsatsa ya tayar musu da janaretan da ya gagari kowa, suka ce ya kwashe tarkacen. Ya canza katakon da ya ruɓe, ya liƙe tsaga da kwalta, ya yi wa bakin jan fenti. Injin kuwa ya warware shi kaf, ya wanke da kananzir, ya mayar da komai gurbinsa. Abu ɗaya ya rage, robar famfo.

Robar nan ba ta fi tafin hannun jariri ba, tana da yatsu shida. A ƙafar inji take zama, ita ke zuƙo ruwa ta zagaya da shi ya sanyaya ƙarfe, sannan ya tsarto ta wata 'yar ƙofa a baya. Bakanikai fitsari suke ce wa ruwan, da yake ba kunya gare su ba. Duk wanda ya karɓi inji daga hannun Tsatsa sai ya ji doka: "Idonka a kan fitsari. In ya tsaya ka kashe inji, ko matarka ce ke naƙuda a cikin jirgin."

Ita roba ba a gadonta. Ƙarfe ake gada, roba tare take mutuwa da mai ita. Sai da aka shekara biyu wani ɗan kasuwa mai yawon ƙasashe ya kawo masa guda ɗaya, sabuwa fil a takardarta, ya ce ita ce ta ƙarshe a kantin da ya tono ta. Tsatsa ya karɓa. Sai dai kafin robar ta zo, kafireta, wadda ke ba inji mai, ta tafi. Wani masunci ne ya zo yana share hawaye tasa ta mutu ana tsakiyar kamun kifi, ga 'ya'ya bakwai, Tsatsa ya ciro ta jirginsa ya ɗaura masa, wai aron sati biyu. Ya sa robar a gwangwanin madara, ya rufe, ya tura bayan wani mataccen batir, ya ce sai kafireta ta dawo.

Ran da kafireta ta dawo, farfela ta tafi. Ran da aka samu farfela, igiyar tayarwa da abin naɗe ta sun yi gaba. Haka jirgin ya riƙa fita yawo gunduwa-gunduwa, mai shi yana zaune a benci. Har ta kai in 'Yar Tsibiri ta ji jirgi ya wuce sai ta ce, "Ga ƙafar jirginmu can za ta kasuwa. Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutan gida."

Mutane suna cewa Tsatsa mutumin kirki ne, bai iya hanawa ba. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba. Yana son ya ji an ce "sai Tsatsa", wannan ɗaya. Na biyu, muddin jirgi bai haɗu ba, babu ranar da zai tsaya gaban yayan matarsa a auna shi. Namiji in yana tsoron abu ba ya cewa tsoro yake ji, sai ya ce kaya ne ba su cika ba.

Sau ɗaya tak ya taɓa hana mutum abu. Dogo, wani mai fito da fasinja, ya zo wata safiya da inji a kafaɗa, ya sauke ya yarfe gumi.

"Baba Tsatsa, robata ta cinye. An ce kana da wata a ajiye."

"Wa ya ce?"

"Ai duk bakin ruwa an sani."

"To duk bakin ruwa su ba ka tasu."

"Baba, don girman Allah. In na yi sati a tudu wani ya gaje fasinjana."

"Ba ni da ita, Dogo. Da ina da ita me zan yi da ita, miya?"

Yana faɗa, bayansa yana jingine da batir ɗin. Ya yanko tsohuwar taya ya sassaƙa wa Dogo wata, ya ce ya lallaɓa. Ta yi kwana tara. Rana ta goma injin ya ƙone a tsakiyar ruwa, jirgi cike da mata 'yan kasuwa. Dogo ya sayar da gangar jikin jirgin ya tafi birni, an ce gadi yake yi a ƙofar wani gida. Injin kuma ya dawo rumfar Tsatsa gawa, aka raba gado, har jirgin da ke ƙarƙashin tamfol ya samu haƙoran giya. Ajiya maganin wata rana, haka Tsatsa yake ce wa kansa duk ran da ya buɗe gwangwanin ya leƙa baƙar robar kwance da yatsunta shida.

A shekara ta goma sha biyu da aurensu mahaifiyar 'Yar Tsibiri ta rasu. Yaya ya turo jirgi kamar yadda ya faɗa. Jirgin ya wuni a bakin ruwa yana jira. Maƙwabta suka taru a kanta, liman ya ce rantsuwa tana da kaffara, ta tafi, in ta dawo ta yi. Ta ce ta ji. Ba ta shiga ba. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ruwa ta fuskanci tsibiri, nan ta karɓi gaisuwa kwana uku. A lokacin fistin ɗin Tsatsa yana cikin injin wani mai jigilar itace. Ba ta ce masa uffan ba. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Tun daga ranar ta daina yi wa jirgin ba'a, kuma gidan da aka daina ba'a a cikinsa sai dai a ce Allah ya sawwaƙe. 'Ya'yansu mata biyu suka girma suka yi aure ba su san fuskar kawunsu ba.

Tsufa ya zo wa Tsatsa da injinansa rana ɗaya. Masu hali suka koma sababbi, marasa hali suka koma tuƙi da filafili. Gawa ta yi yawa a rumfa, magada suka yi kaɗan. Abin da aro ya kwashe, mutuwa ta dawo da shi: kayan jirginsa suka komo gida ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wanda ya sake zuwa roƙo. Ya wayi gari ba shi da sauran hujja, ya dai bar tamfol a inda yake.

Ana nan wata mai busasshen kifi da ke zuwa daga tsibiri ta shigo gidan, ta ce wa 'Yar Tsibiri Yaya yana kwance, ƙafafu sun kumbura, abinci ya ƙi, ruwa ma sai da cokali. "Bai ce in gaya miki ba. Ni ce dai na ga in na yi shiru Allah zai tambaye ni."

'Yar Tsibiri ta raka baƙuwa ƙofa, ta zarce rumfa, inda ta yi shekaru ba ta taka ba. Ta kama bakin tamfol ta fizge. Ɓera ya fito a guje.

"Malam, me ya rage?"

Ya buɗe baki zai fara jerowa, ya ga babu abin jerowa.

"Babu."

"To jibi."

Yini biyu ya yi a kan injin, ko abinci a rumfa aka kai masa. Daga ƙarshe ya zo kan roba. Ya jawo gwangwani, ya kwance takarda. Da robar wani ce aka kawo masa, abu na farko da zai yi shi ne ya lanƙwasa yatsa ɗaya ya saki ya ga ko zai miƙe. Sau nawa ya yi wa mutane haka ya jefa musu abinsu ya ce, "Wannan ta mutu tana budurwa." Roba in ba ta aiki bushewa take yi, ya fi kowa sani. Amma wanzami ba ya son jarfa. Tasa bai lanƙwasa ba. Ya shafe ta da giris ya murza ta cikin gidanta. Ta yi tauri, har ya ji wani ɗan ƙas a ƙarƙashin babban yatsansa. Ya ce sabunta ce.

Ya tsoma ƙafar injin a duro ya ja igiya. Ja na huɗu ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe rumfa, fitsari ya tsarto. Masu shanya koma suka taru suna sowa. Ƙa'idarsa inji ya yi rabin awa a duro kafin ya shiga ruwa. Wannan ko minti biyar bai yi ba ya kashe, wai kar a ɓarnatar da mai.

Da hantsi suka tashi. Ta ɗaura zanen da ta fi so, ta zauna a gaba, ƙullin tsaraba a cinya, baya a miƙe kamar ta haɗiyi taɓarya. Ba ta waiwayo ba. Amma da jirgin ya ɗaga baki ya fara yankan ruwa, ya ga ta miƙa hannu ta shafa jan fentin.

"Ashe yana gudu," ta ce.

"Da me kika ɗauka?"

"Na ɗauka akurkin kaji ne aka yi wa kwalliya."

Rabon da ta yi masa ba'a tun rasuwar uwarta. Ya yi dariya har ya sarƙe.

Awa biyu lafiya lau. Bishiyoyin tsibiri suka fara fitowa kamar gashin gira a kan ruwa. Nan ya waiwaya ya ga fitsari ya sirance. Ya ƙara dubawa, ya koma ɗigo. Ya ɗora tafin hannu a murfin inji, ya janye da sauri.

Ya san abin yi, ai shi ya koya wa kowa. A kashe, a bar shi ya huce, a kama filafili, inji ya tsira da ransa. Amma ya dubi bayan matarsa, ya dubi bishiyoyin can, ya auna a ransa: in ya samu minti ashirin ƙarar za ta kai ɗakin Yaya. Ba isa kaɗai ta rantse a kai ba, cewa ta yi zai ji. Maimakon ya kashe, sai ya ƙara murɗa mai.

Ko rabin abin da ya nema bai samu ba. Injin ya yi wani kuka kamar an taka kare, ƙauri ya tashi, ya yi gum. Shirun da ya biyo baya har ruwan da ke lasar katako ana ji.

Ba ta juyo ba. "Ya mutu?"

"Ya mutu."

"Na gyaruwa?"

"A'a."

Ta gyara zaman ƙullinta. "Akwai filafili?"

Akwai guda ɗaya. Tsoho mai shekara sittin da ɗoriya, wanda hannunsa bai san komai ba sai sifana, ya kama tuƙi, ga iska tana gaba da su. Can wani babban jirgi mai sabon inji ya rage gudu kusa da su, matuƙin ya ɗaga igiya.

"Baba, a ja ku?"

Tsatsa ya dubi matarsa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," ta ce. "Shan iska muke yi."

Sai bayan la'asar bakin jirgin ya daki yashi. Tafukan Tsatsa sun yi bororo sun fashe. Ba wanda ya tarye su, don ba wanda ya ji zuwansu. Wasu mata masu wanke-wanke suka bi su da kallo, ba wadda ta san ta. Ita ma ta tsaya tana waige-waige, an yi gine-gine, hanyar gidan ubanta sai da ta tambaya.

Yaya yana kwance a ɗakin da mahaifiyarsu ta rasu, ya zama kamar tsumma a kan katifa. Mutumin da muryarsa ke tsallake ruwa, yanzu sai an sunkuya ake jin sa. Ta durƙusa kusa da shi. Tsatsa ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ɓoye hannuwa a baya.

"Yaya, ni ce."

Ya daɗe yana kallonta. "Auta?"

"Ni ce."

"Kin tsufa."

"Kai ma ba yaro ka koma ba."

"A jirgin wa kika zo?"

"Na mijina. Yana bakin ruwa, mai jan baki. In ka ce a ɗaga ka sai ka gani."

Ya lumshe ido. "Ban ji inji ba."

Tsatsa ya sunkuyar da kai yana jiran ragowar, don ya san gidan nan ba a barin baƙar magana rabi.

"Na san kukan kowane inji da ke zuwa nan," Yaya ya ce, yana hutawa tsakanin kalma da kalma. "Duk ran da na ji baƙon inji sai na fita na duba. Inna ma haka ta yi ta yi, har ta kwanta. Da ƙafa ta ƙi ni, na sa aka jawo katifar nan kusa da taga. Yau ban ji komai ba. Da na ji, ai da na sa an share tsakar gida."

'Yar Tsibiri, wadda ko ran mutuwar uwarta ba a ga hawayenta ba, ta kifa kai a gefen katifa, kafaɗunta suna rawa. Yaya ya lalubo kanta da hannu ya dafa. Can ya juyo da ido wajen ƙofa.

"Mai sifana, shigo mana. Ko sai an turo maka jirgi?"

Tsatsa ya shiga ya zauna a ƙasa. Shekara talatin yana tsoron wannan zaman, ga shi bai fi shan ruwa ba.

Kwana biyu bayan nan Yaya ya cika. Suka yi zaman da za su yi, suka dawo a jirgin haya, nasu ɗaure a baya ana ja. Ba ta hana ba. Rantsuwarta ta zuwa ce, ba ta komowa ba.

Da Tsatsa ya buɗe ƙafar injin a rumfa bai tarar da roba ba, sai ɓarɓashi baƙi kamar gawayin da aka taka. Yatsu shida duk sun karye sun toshe hanyar ruwa. Ya kakkaɓe su a tafin hannu yana kallo. Da ya ba Dogo ita lokacin tana da rai, da ta yi aikinta ta ciyar da gida guda. Bai ji shigowar matarsa ba sai da inuwarta ta faɗo kan benci.

"Ita ce wannan?"

"Ita ce."

"A kanta aka yi ta jira?"

Ya sunkuyar da kai kan ɓarɓashin.

"Malam, tsakaninka da Allah, da kana sa ta ka san ta mutu?"

Ya daɗe yana juya ɓarɓashin da yatsa. "Na sani."

Ya jira ta sauke masa abin da ta tara. Ta zauna a ɗaya gefen bencin, ta dubi ruwa.

"Ni ma na san akwai kaffara," ta ce.

Jirgin yana nan a kan tayoyinsa, ba tamfol, kaji sun koma gidansu na da. Abin da ya tsira daga injin ya raba wa masu tsofaffin injinan da suka rage, ba su fi biyar ba, kuma bai ce wa kowa aro ne ba. Aiki ya yi ƙaranci, yawanci a zaune yake wuni, ita kuma takan kawo tsintar wakenta rumfa ta zauna, ba su cika magana ba. In jirgi ya iso da mutanen birni, Tsatsa yakan taka a hankali zuwa bakin ruwa ya tambaya ko wani ya ga wani dogon mai gadi, mai ɗan rangwaɗa kafaɗar dama saboda ɗaukar inji. Har yanzu ba a samu wanda ya gan shi ba. In ma an samu, Tsatsa ba shi da abin da zai ba shi.